Ƙashin da ke karyewa ba a faɗi ba, ba aikin maɗori ba ne

Iyayena mata na Aboabo da Asawase a Kumasi, yau da faɗa na zo.

A makon jiya aka kawo mana asibiti wata yarinya 'yar shekara 6, cinyarta ɗaure da karare da tsumma, tana warin man kaɗanya da saiwa. Karayarta ta huɗu ke nan. Daga ina ta faɗo? Ba ta faɗo ba, juyi ta yi a kan tabarma. Na buɗe idonta, farin ya yi shuɗi-shuɗi, haƙora duk sun gutsuttsure. Na dubi uwar, ita ma idon haka yake, ga ta tana ɗingishi. Na ce, "Hajiya, ƙafar fa?" Ta ce agararta da kafaɗa sun shekara suna ciwo, duk Juma'a ana murza mata.

Wannan cuta likitoci na kiranta osteogenesis imperfecta. Ƙashi ne marar ƙwari, galibi gadonsa ake yi, kuma ba shi da yawa, kamar mutum 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. Ba maita ba ce, ba iska ba ce. Abin da ke riƙe ƙashi shi ke riƙe jijiya, shi ya sa tsoka ke ciwo, gaɓoɓi su saki, wani har ji ya ragu idan ya girma.

To mai irin wannan jiki za a kai a ja, a murɗa, a danne da gwiwa? Haba! Na san maɗori maƙwabci ne, ya ɗora ƙafar kakanku ta warke, kuma ba ya tsada. Amma hannun da ya gyara ƙashi mai ƙarfi shi zai tsinka wannan. Yaro na ihu, ana cewa magani ne ke shiga. Sabuwar karaya ce ke shiga! Ku daina murzar nan, don Allah ku daina.

Ba a warkar da cutar, amma akwai maganin ƙara wa ƙashi ƙwari, akwai gashin ƙashi a hannun masana, wasu a sa musu ƙarfe.

Karaya biyu ba faɗuwar kirki, ku ɗauki katin inshora ku zo, mu rubuta muku takarda zuwa babban asibitin Komfo Anokye a ɗauki hoto. Kada a ɗaga jariri ta hannu ko ta hammata, a tallafo kai da ɗuwawu. Ku faɗa wa malamin makaranta, kada a dake shi. Ku zo da 'yan uwansa ma mu duba.