Wai da gaske aiki shi ne rayuwar mutum? Abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano

Me ake nufi in an ce aiki ya zama ginshiƙin rayuwar mutum?

Ba maganar son aikin da kake yi yanzu ba ce fa, nan mutane da yawa ke ruɗewa. Mutum zai iya tsanar ofishinsa, ya tsani shugabansa, kullum da safe sai ya yi tsaki kafin ya fita, amma in ka ce masa zauna a gida ga kuɗi sai ya ji kamar ka raba shi da mutuncinsa. Wani kuma yana jin daɗin aikinsa sosai amma da an tashi ya manta da shi, hankalinsa na kan iyali ko ibada ko wani abu can daban. Wani masani mai suna Rabindra Kanungo ya raba abin gida biyu a 1982: akwai shaƙuwa da wannan aikin da ke hannunka, akwai kuma matsayin da ka ba shi kansa yin aiki a rayuwarka. Na biyun shi ake magana a kai, kuma bai cika canzawa don ka canza wurin aiki ba.

To ta yaya ake auna abin da ke cikin zuciya?

Da tambaya dai, ba wata na'ura. Wadda ta fi shahara ita ce ta Nancy Morse da Robert Weiss a Amurka, 1955. Sun tambayi maza 401 cewa da za ka ci gadon kuɗin da zai ishe ka zaman jin daɗi har ƙarshen rayuwa, za ka ci gaba da aiki? Kashi 80 cikin 100 suka ce e. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne dalilan da suka bayar, don da yawansu ba cewa suka yi suna ƙaunar aikin ba, cewa suka yi in ba aiki ba su san me za su yi da kansu ba, zaman banza zai haukata su.

Ɗaya hanyar kuma a ba ka maki 100 a ce ka raba wa abu biyar: iyali, aiki, hutu da shaƙatawa, addini, da hidimar al'umma. Gwada da kanka ka gani, ba sauƙi, don duk makin da ka ƙara wa ɗaya sai ka zaftare wa wani.

Ai faɗa a baki daban, ranar da kuɗin suka shigo hannu daban. Ba cika baki suke ba?

Wannan shakkar tana kan hanya. Shi ya sa aka bi sawun waɗanda suka ci kuɗin caca na gaske. Binciken da aka yi a Suwidin, wanda ya fito a 2017, ya nuna galibi rage aiki suka ɗan yi, ba watsar da shi ba. Kenan abin da mutane ke faɗa bai yi nisa da abin da suke aikatawa ba, ko da yake a ganina mai amsa irin wannan tambayar yana kuma tunanin yadda za a kalle shi, wa zai so a ce masa malalaci.

Ko'ina a duniya haka abin yake?

A'a. A farkon shekarun 1980 wata tawagar masana ta yi wa mutane kusan 15,000 tambayoyi a ƙasashe 8, sakamakon ya fito a 1987. Japan ce ta zo ta ɗaya wajen ɗaukar aiki da muhimmanci, sai tsohuwar Yugoslabiya, sai Isra'ila, Amurka na tsakiya, Birtaniya kuma ita ce can ƙasa, abin mamaki ƙasar da masana'antun zamani suka fara. A mafi yawan ƙasashen iyali ne a gaba, aiki na biye.

Amma duba jerin da kyau, kusan duk ƙasashe ne masu masana'antu inda aiki ke nufin albashi a ƙarshen wata da lokacin shiga da na tashi. Manomin da gonarsa da gidansa da iyalinsa duk abu ɗaya ne ta yaya zai raba maki 100 ɗin? Matar da ke hidimar gida daga asuba har dare ba wanda ke biyanta fa, a wane gida za ta sa nata? Wannan giɓin babba ne, don haka kar a ɗauki sakamakon a ce haka ɗan Adam yake a ko'ina.

In ba kuɗi kaɗai ba, me aiki ke ba mutum?

Nan ne labarin da na fi so. Marienthal wani ƙauye ne a Ostiriya da kusan kowa ke cin abinci a masaƙa guda ɗaya, sai masaƙar ta rufe a kusan 1930, gari ya wayi gari ba aiki. Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel suka yi nazarin garin, suka fitar da rahoto a 1933. Kai za ka zaci tunda lokaci ya samu mutane za su duƙufa karatu da taruka da siyasa, ina, akasin haka aka gani, aron littattafai a laburare ya ragu, ƙungiyoyi suka yi sanyi, har saurin tafiyar mutane a titi aka auna aka ga maza na jan ƙafa suna tsaye-tsaye a hanya ba dalili, in an ce su rubuta yadda suka ci wuninsu sai a ga awanni sun ɓace ba su san me suka yi ba. Matan kuwa ba su lalace haka ba, saboda girki da wanki da yara sun ci gaba da tsara musu rana.

Daga baya Jahoda ta ce bayan albashi aiki na ba mutum abu biyar a ɓoye: yana tsara masa lokaci, yana haɗa shi da mutanen da ba 'yan gidansu ba, yana sa shi cikin wata manufa da ta fi shi girma, yana ba shi matsayi da amsar "wane ne kai", yana kuma tilasta masa motsi. Ka lura babu ɗaya a ciki da ya ce dole sai aikin ya yi daɗi.

Kuma ba sai da yawa ba. Masu bincike a jami'ar Kambirij sun duba bayanan mutane sama da 70,000 a Birtaniya, a 2019 suka ce aikin kamar awa 8 a mako ya isa ya ba mutum ribar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke cikin aiki, ƙarin awanni bai ƙara wani abin kirki ta wannan fuskar ba.

To wanda ya ɗora rayuwarsa kacokan kan aiki, riba ya ci ko asara?

Duka biyun. Irinsu sun fi gamsuwa da aiki, sun fi jajircewa, ba su cika tunanin ajiye shi ba. Sai dai ranar da aikin ya kuɓuce su ne suka fi shan wahala. Wani nazari na 2005 da Frances McKee-Ryan ta jagoranta, wanda ya tattara bincike sama da 100, ya nuna marasa aikin da suka fi ɗaukar aiki a matsayin ginshiƙi su ne damuwa ta fi kamawa. Wanda ke da wasu wuraren jingina, iyali, abokai, ibada, wata baiwa da yake ji da ita, faɗuwarsa ba ta kai ta wanda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya ba.

Ga kuma jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a mako. Amma a yi adalci, da yawa cikin masu dogon aikin nan ba don sun maida aiki rayuwa ba ne, dole ce ta sa.

Gaskiya ne yaran yanzu ba su damu da aiki ba?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma an fi zuzuta abin. Jean Twenge da abokan aikinta sun kwatanta amsoshin 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Amurka na 1976 da 1991 da 2006, suka ga ɗaukar aiki a matsayin ginshiƙi ya ragu, son samun lokacin hutu ya ƙaru. Tambayar gadon kuɗin nan ma da aka ci gaba da yi a Amurka, masu cewa za su ci gaba da aiki sun sauko zuwa wajen kashi 70. Raguwa ce, amma har yanzu mutum 7 ne cikin 10. Kuma tun 1956 Robert Dubin ya tambayi ma'aikatan masana'antu a can Amurkan ya tarar kusan 3 cikin 4 ba a wurin aiki zuciyarsu take ba, a waje take, kuma waɗannan su ne kakannin yaran da ake zagi yau.