Ba jita ce ke buɗe "For Whom the Bell Tolls" ba

Masu sauraron ƙungiyar mawaƙa ta Metallica da dama sun daɗe suna ɗauka jita ce ke yin kukan nan mai kaifi a farkon wannan waƙa ta kundin Ride the Lightning na 1984. Bes ce, 'yar'uwar jita, a hannun Cliff Burton, makaɗin bes na ƙungiyar.

Ba laifin kunne ba ne. Bes tsirkiya huɗu gare ta, muryarta kauri ce, amma Burton yakan matsa da hannun hagunsa can kusa da gangar jikinta, kan siririyar tsirkiya, inda sautin ke sirancewa. Sai ya bi da shi ta na'urar ƙara gurnani da fedar wah, wadda ake takawa da ƙafa tana buɗe sautin tana rufewa. Da yatsu yake kaɗawa.

Masu koyo sukan cika gurnanin har kaurin bes ɗin ya ɓace, sautin ya koma zuzar ƙudan zuma. A rage shi, a kuma danne sauran tsirkiyoyin kada su yi amo.

Burton ya rasu ranar 27 ga Satumba 1986, yana da shekara 24, lokacin da motar bas ta ƙungiyar ta kife kusa da Ljungby a Suwidin.