Waiwaye: Yadda Aka Zo Ga Hasashen Lokacin Cajin Motocin Lantarki

Jiran batir ya cika ba sabuwar matsala ba ce ga masu motocin lantarki. A farkon ƙarni na 20, lokacin da irin waɗannan motoci suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke Amurka, batiran dalma ake sanya musu, kuma sai sun kwana a jone kafin su cika. Wannan ne ya sa kamfanin wutar lantarki na birnin Hartford ya gudanar da tsarin musayar batir ga motocin dakon kaya daga 1910 zuwa 1924. Sai dai arhar fetur da yaɗuwar motar Model T ta kamfanin Ford sun kwantar da maganar har tsawon shekaru masu yawa.

Ta sake tasowa ne bayan da kamfanin Sony ya shigo da batirin litiyam kasuwa a 1991, musamman kuma da Nissan ya fito da motar Leaf a ƙarshen 2010, wadda na'urar caji mai ƙarfin kilowat 50 ke kai batirinta kashi 80 cikin ɗari a kimanin rabin awa. Daga nan aka shiga tseren sauri: kamfanin Tesla ya buɗe tashoshinsa na caji mai sauri na farko a jihar Kaliforniya a 2012, motar Taycan ta Porsche ta kai kilowat 270 a 2019, kamfanin BYD na China kuma ya sanar da kilowat 1,000 a watan Maris na 2025.

Abin lura shi ne, kamfanoni sun fi son tallata lokacin da ake ɗauka zuwa kashi 80, ba zuwa ɗari ba, kuma a nan ne wahalar hasashe take. Batirin litiyam ba ya shan wuta da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ya yi ƙasa yana karɓa da ƙarfi, amma da zarar ya doshi cika sai kwamfutar da ke kula da shi ta riƙa rage wutar don kada ya lalace, kamar mai zuba ruwa a kwalba da ke sassauta hannu idan ya kusa wuya. Shi ya sa kashi 20 na ƙarshe kan ci lokacin da ya kusa kai wanda aka yi tun daga farko. Ga kuma yanayi: batirin da ya yi sanyi sosai ba ya jure caji mai sauri, domin litiyam kan daskare a jikin sassansa, abin da ya taimaka wajen haifar da dogayen layuka a tashoshin birnin Chicago a watan Janairun 2024. Zafi ma haka yake, domin masu Leaf ta 2018 sun koka cewa cajin na biyu da na uku a doguwar tafiya yana ja da baya. Tsufan batir na da nasa tasirin, sannan a wasu tashoshin motoci biyu ne ke raba wutar na'ura ɗaya. Dabarar ɗumama batir tun mota na kan hanyar tasha, wadda Tesla ya shigo da ita a 2019, ta rage wannan rashin tabbas, amma ba ta kawar da shi ba.

Duk da haka, a ganina hasashen halin batir ya fi sauƙi a kan hasashen halin direba. Tun 1909 masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, ya aza harsashin ilimin nazarin layi lokacin da yake aiki da kamfanin tarho na birnin Kofanhegan, kuma daga cikin abin da wannan fanni ya tabbatar daga baya akwai cewa bambancin lokacin da kowa ke ɗauka yana tsawaita jira, ko da matsakaicin lokacin bai canza ba. A tashar caji bambancin yana da yawa, domin wani minti goma yake buƙata, wani kuwa zai jona mota ya tafi harkokinsa. Domin maganin haka ne Tesla ya fara cin tarar santi 40 na dalar Amurka a kowane minti a watan Disambar 2016 ga wanda ya bar motarsa bayan ta cika. Jami'ar Caltech da ke jihar Kaliforniya ta bi ta wata hanyar: ta tattara bayanan dubban caje-caje daga wuraren ajiye motocinta, ta buɗe su ga masu bincike a 2019, aka kuma gano cewa manhajar da ta koyi ɗabi'ar direba daga tarihinsa kan fi shi kansa faɗin lokacin da zai tafi.

A yau taswirar cikin motoci da dama tana nuna yawan guraben da ke sake a tasha da kuma kason batirin da za a isa da shi. Amma hasashen yana da wani cikas na kansa, domin idan aka nuna wa direbobi ɗari cewa tasha kaza babu kowa, to kafin su isa sun cika ta, sai dai idan manhajar tana rarraba su. Hakan kuwa na buƙatar masu ƙera motoci da masu tashoshi su riƙa musayar bayanai, alhali kowannensu na kallon bayanan a matsayin jarinsa.

Sannan babu lissafin da zai yi daidai a kan na'urar da ta mutu. Wani bincike da aka gudanar a yankin San Francisco a 2022 ya gwada kawunan caji (waɗanda ake jonawa a jikin mota) 657, ya tarar kashi 72.5 cikin ɗari ne kawai ke aiki. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Amurka ta gindaya sharaɗin cewa duk na'urar da aka kafa da tallafin shirinta na tashoshin caji dole ta kasance tana aiki fiye da kashi 97 cikin ɗari na lokaci, tare da bayyana halin da take ciki ga manhajojin da direbobi ke amfani da su.