Kamun kifin bas da jagora a Tafkin Fork: ga amsoshin, dan Allah a daina maimaita min

Jama'a salamu alaikum. Tambayoyin nan na amsa su ya fi a ƙirga, a waya, a WhatsApp, har a ƙofar masallaci ranar Juma'a, duk wanda ya sauka Dallas ta jihar Texas a Amurka hutu ko ya zo bikin gama makarantar ɗansa sai ya ce in haɗa shi da mai jirgin da zai kai shi kamun kifi. Ni ba jagora ba ne, ba ni da jirgi, ba na cin ko sisi a kan kowa, zuwa kawai nake yi in na samu sarari. Toh ga su na tara wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai meye bas ɗin nan?

Kifin ruwan daɗi ne, kore-kore, mai ƙaton baki, yana farautar ƙananan kifaye. Ba tarwaɗa ba ne, ba karfasa ba ne.

Abin da na kama zan tafi da shi gida ko?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata min rai shi ya sa na kawo ta sama. Malam in kifin miya kake nema ka je kasuwa, ya fi maka arha nesa ba kusa ba. A Tafkin Fork duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da inci 24 dole ka mayar da shi ruwa nan take, doka ce ba ra'ayin jagora ba, kuma kusan duk wanda zai burge ka a wannan tsakanin yake. Ƙanana doka ta yarda ka ɗauka, biyar a rana gaba ɗaya, a cikinsu ɗaya tak ne zai iya zama inci 24 ko sama. Amma mafi yawan jagorori ba sa so a kashe ko ɗaya, kuma ni ina bayansu, don wannan sakin da ake yi shi ya sa har yau akwai manya a tafkin. Na taɓa kai wani baƙo, aka kama mai kyau, jagora ya ɗauke shi hoto ya ce a sake, sai mutumin nan ya rungume kifi yana min Hausa wai in ce masa ai ya biya. Kunyar da na ji ranar ba ta faɗuwa. Abin da ka biya shi ne wunin da jirgin da sanin jagoran, ba kifin ba. In lallai kana so ka soya wani abu da yamma ka faɗa tun wajen yin magana, akwai masu fita kamun tarwaɗa da wani kifi da suke kira crappie, su har gyara maka za su yi su zuba a leda.

Ina tafkin yake?

Gabashin Texas, kusa da garuruwan Quitman da Emory da Alba. Daga Dallas awa ɗaya da rabi a mota in hanya ba cunkoso. Madatsa ce aka gama a 1980, faɗinta ya kai eka dubu 27.

Sai na yanki lasisi? Ai baƙo ne ni.

Eh. Duk wanda ya kai shekara 17 sai ya yanka, baƙo ko ɗan gari, kuma lasisin jagora bai rufe ka ba. Akwai na kwana ɗaya. Ka saya a intanet ko a shagon Walmart ko Academy tun daren jiya, ka riƙe fasfo ɗinka. Kar ka zo bakin ruwa da asuba kana cewa ka manta.

Ban taɓa riƙe sandar fatsa ba a rayuwata, ba zan ji kunya ba?

Kwantar da hankalinka. Mutanen nan kullum suna ɗaukar waɗanda ba su iya ba, aikinsu kenan. Shi zai kawo sanda da zare da ƙugiya da tanar roba, shi zai ɗaura, ya nuna maka yadda ake jifa, in zare ya harɗe ya warware. Abu ɗaya nake roƙo, ka faɗa masa gaskiya tun a waya cewa sabo ne kai, sai ya ba ka irin sandar da ta fi sauƙi ya kai ka inda za ka samu cizo da yawa. Masu cewa "ai mu a bakin kogi muka tashi" su ne suke shan wahala, domin jefa homa da taru wani ilimi ne, wannan kuma wani ne daban, a nan kifin roba za ka riƙa ja a ruwa har ka yaudari mai rai.

Kwana uku kawai nake da su, wane wata zan sa tafiyata in ina son babba?

Toh wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya kar ka yarda da shi. Abin da kowa zai ce maka shi ne Maris, kuma akwai gaskiya a ciki, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ruwa yake fara ɗumi, in ya kai wajen digiri 16 zuwa 18 matan kifin suna tasowa bakin gaɓa su yi ƙwai, lokacin ne suka fi nauyi kuma suka fi kusa da hannu. Amma fa Maris ɗin Texas ba shi da alƙawari, yau kana cikin riga ɗaya gobe iskar arewa ta sauko da sanyi, kifin da jiya yake ruwa kamu biyu ya koma ƙasa ya rufe baki, sama ta yi tas ba gajimare kai kana murna alhali ita ce ranar da ta fi wuya. In kwanakinka uku suka faɗa bayan irin wannan sanyin za ka iya wuni cizo biyu ko uku, ba laifin kowa ba ne. Ga kuma cunkoso, don kowa Maris ɗin yake so, jagorori masu kyau watanni kafin nan sun cika, ranar Asabar kuwa jirage kamar kasuwa musamman in akwai gasa.

Sannan ka duba tarihi. Kifin da har yau yake riƙe da kambun bas mafi nauyi a jihar Texas, mai laba 18.18, wato kilo takwas da ɗan ɗori, a watan Janairun 1992 Barry St. Clair ya kama shi a tafkin nan, kuma ba ma bas ya fita nema ba, crappie yake kamawa. Wadda suka sa wa suna Ethel, mai laba 17.67, a Nuwamban 1986 Mark Stevenson ya kama ta. Ka ga duka a sanyi ne. Amma kar ka ɗauki wannan ka ce za ka zo a Janairu, sanyin kan ruwa da jirgi yana gudu ba irin hunturun da ka sani ba ne, kuma ana iya wuni ana jiran cizo ɗaya. Wanda ya saba ne yake jure wannan.

Ni in baƙo ne kai kuma karon farko ne, na fi karkata ga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko kuma Oktoba. A Mayu kifin ya gama ƙwai yana jin yunwa, da sassafe yana bugun abin da aka ja a saman ruwa kana gani da idonka, sai dai ya ɗan rame kuma lokacin hadari ne da tsawa, in aka fara walƙiya jagora zai juya jirgi ko ka so ko ba ka so, kuma daidai ya yi. A Oktoba zafi ya sauka, ana samun yawa, amma manyan ba su cika zuwa ba. Yuli da Agusta zafi yana wuce digiri 38, kifi yana can ƙasa, sai dai ku fita da asuba ku dawo kafin azahar ko ku yi na dare, in kuma azumi ya faɗo a irin wannan lokacin ni ban ba ka shawara ba. Abin da zan ce ka yi, in aljihu zai ɗauka ka kama kwana biyu a jere maimakon ɗaya, tsakiyar mako, ka bar na ukun a buɗe ko da iska za ta ɓata ɗaya. Kuma ka tambayi jagoran kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami, in yanayi ya hana fita ya ake yi, wasu suna ɗaga maka rana, wasu suna mayarwa, kai da za ka hau jirgin sama ka koma ɗaga rana ba ta amfane ka da komai ba, don haka a yi maganar a rubuce tun farko.

Nawa ne?

Ɗaruruwan daloli, ya danganta da mutum da kuma rabin wuni ko cikakke. Kuɗin jirgi ne, galibi mutum biyu. Ka tambaye shi, ka daina tambayata. Kuma dan Allah ban da ciniki irin na kasuwa.

In ban kama komai ba zai dawo min da kuɗina?

A'a.

Bayan na biya kuma sai na ƙara masa wani abu?

Eh, al'adar ƙasar ce, kamar gidan cin abinci, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari in ya yi maka ƙoƙari. Mutum ya tashi tun ƙarfe huɗu, ya zuba mai, ya wuni yana cire maka ƙugiya daga itace. Kar ku sa a riƙa gudun ɗaukar mutanenmu.

Me zai hana in yi hayar jirgi in tuƙa da kaina?

Kututture. Da aka tare ruwan ba a sare dajin duka ba, itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, wasu kansu kamu ɗaya ne daga saman ruwa ba ka ganinsu. Akwai hanyoyin da aka sa wa alama, ka kauce kaɗan kana gudu ka fasa jirgin mutane ko ka wuntsila. Wannan dajin shi ne gidan kifin, kuma shi ya sa ake biyan wanda ya san shi. Ba wasa nake ba, kar ka gwada.

Zan iya zuwa da iyali?

Sosai ma. Yaro ƙasa da shekara 13 dole ya sa rigar kariya muddin jirgi yana tafiya, kai ma in ba ka iya iyo ba ka sa taka ka bar ta a jikinka, ba abin kunya ba ne. Ka kama rabin wuni, yara ba sa jure awa takwas. Babu banɗaki a jirgin, ka sanar da Hajiya tun a gida, in an buƙata jagora zai kai ku gaɓa.

Salla da abinci fa?

Ka faɗa masa kawai za ka yi salla, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Da rana yawanci ana fitowa cin abinci, nan za ka yi azahar. Abincinka ka taho da shi daga gida don gidajen abincin wajen akwai naman alade a yawancin abin da suke dafawa, da ruwan sha mai yawa, da hula da tabarau. Babbar riga da jallabiya a bar su a mota, ƙugiya mai baki uku ba ta raga wa yadi.

In Allah Ya ba ni ƙaton fa?

Ka bi abin da jagora ya ce, shi kenan. Ka jiƙa hannu, ɗaya a leɓensa ɗaya a ƙarƙashin ciki, kar ka rataye shi da baki kawai, hoto da sauri a mayar. In ya kai laba 13 tsakanin Janairu da ƙarshen Maris akwai shirin jihar mai suna ShareLunker, wanda da Ethel ɗin nan aka fara shi, za a kira su su zo su ɗauke ta da ranta zuwa cibiyarsu a garin Athens ta yi ƙwai a can, 'ya'yan a zuba a tafkuna. Jagora ya san lambar.

Ya ce mu haɗu ƙarfe shida, in na kai shida da rabi ai ba komai ko?

Da komai. Awar farko bayan gari ya waye ita ce ta fi albarka, kuma agogonsa ya fara ƙirga ko kana nan ko ba ka nan. Daga Dallas ka bar gida ƙarfe huɗu, asuba a bakin ruwa za ka yi ta. In ka san ba za ka iya ba ka kwana a ɗaya daga masaukan da ke gefen tafkin.