Dokokin Fifita Kifin Gida a Sayayyar Gwamnatin Amurka

Dokokin fifita kifin gida wasu tanade-tanade ne da ke ɗora wa hukumomin Amurka wajibcin sayen kifi da jatan lande da sauran abincin teku daga hannun masuntan ƙasar, duk lokacin da za a ciyar da sojoji ko ɗalibai ko mabuƙata da kuɗin baitulmali. Tanade-tanaden a warwatse suke cikin dokoki daban-daban, wasu tun daga 1933, kuma kowace hukuma da irin tsananin da aka ɗora mata. Wurin da gardama ta fi zafi a kansu shi ne ma'anar kalmar "na gida": shin inda aka kama kifin za a duba, ko inda aka yanka shi aka zuba a kwali?

Dalilin dokokin

Amurka na da yankin su mai faɗin gaske. Tun dokar Magnuson-Stevens ta 1976 take iko da kamun kifi har zuwa mil 200 na teku daga gaɓarta. Duk da haka, galibin abincin tekun da Amurkawa ke ci daga waje yake zuwa. Hukumar NOAA, mai kula da teku da yanayi, ta sanya adadin tsakanin kashi 70 zuwa 85 cikin 100. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya rage shi zuwa kashi 62 zuwa 65, saboda wani ɓangare na abin da ake lissafawa a matsayin na waje kifin Amurka ne da aka kai Asiya aka gyara aka dawo da shi. A jatan lande kuwa babu wata jayayya: sama da kashi 90 cikin 100 na waje ne, akasari daga gonakin kiwo na Indiya da Ekwado da Indonesiya da Biyetnam. Giɓin cinikin abincin teku tsakanin Amurka da sauran duniya ya haura dala biliyan 20 a shekara.

Masunci a Luwiziyana da ke fita da jirginsa yana ƙona man dizal ba zai iya sayar da jatan lande a farashin wanda aka kiwata a kududdufi a jihar Andhra Pradesh ta Indiya ba. A kasuwa an riga an fi ƙarfinsa, kuma harajin hana karya farashi da aka sa wa ƙasashe shida a 2005 bai sauya wannan ba. Shi ya sa 'yan majalisar jihohin gaɓar teku, musamman Alaska da Luwiziyana da Misisipi, suka mai da hankali kan mai sayen da majalisa ke iya ba wa umarni, wato gwamnati da kanta.

Dokar 1933 da kafar da ta bari

Uwar dokokin ita ce Dokar Sayen Kayan Amurka, wadda Shugaba Herbert Hoover ya sanya wa hannu ranar 3 ga Maris 1933, a cikakkiyar ranarsa ta ƙarshe a mulki, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Ba ta haramta kayan waje ba. Abin da take yi shi ne ta ƙara wa farashin ɗan kwangilar da ya kawo kayan waje wani kaso a takarda kafin a gwada shi da na gida. Tun 2021 kason ya zama 20 cikin 100 idan babban kamfani ne ke takara da kayan gida, 30 idan ƙarami ne. Idan bayan ƙarin kayan wajen sun ci gaba da fin araha, su za a saya.

Matsalarta ga masunta ita ce ta fi duba inda aka ƙera kaya. Kifin da aka kama a ruwan wata ƙasa, aka shigo da shi a daskare, aka yayyanka aka shafe shi da garin burodi a wata masana'anta a Amurka, yana iya wucewa a matsayin kayan Amurka. Masana'anta ta ci riba, masunci bai ga ko sisi ba.

Abincin soja

Dokar da ta fi kowace tsanani ita ce ta ma'aikatar tsaro, wadda aka fi sani da sunan Berry. Ta fara ne a 1941 a cikin kasafin kuɗin soja, da nufin sojan Amurka ya ci abin da aka noma a Amurka, ya sa tufar da aka saƙa a Amurka. Sunan ya samo asali daga E. Y. Berry, ɗan majalisar wakilai daga Dakota ta Kudu, wanda ya faɗaɗa ta a farkon shekarun 1950. An yi ta sabunta ta shekara-shekara har zuwa 1993, lokacin da ta zama doka ta dindindin.

Ita ma tana da sassauci ga abincin da aka sarrafa a cikin Amurka ko da an nomo shi a waje. Amma a dokar kasafin tsaro da aka zartar a 2004, majalisa ta cire kifi da dangoginsa daga wannan sassauci har abada. Ƙa'idar kwangilar soja a yau ta ce dole ne jirgi mai ɗauke da tutar Amurka ya kamo kifin daga teku, ko kuma a same shi a ruwan cikin ƙasa, sannan duk wani gyara da za a yi masa a yi shi a cikin Amurka ko a kan jirgi mai tutarta. An bar 'yan kafofi: ƙananan sayayya, kayan da ake sayarwa a kantunan barikoki, da abinci mai saurin lalacewa da sansanonin ƙasashen waje ke saye a inda suke.

Abincin makaranta

Nan ne aka fi kai ruwa rana. Shirin abincin rana na makarantu, wanda Shugaba Harry Truman ya rattaba wa hannu a 1946, yana ciyar da yara kusan miliyan 30 a kowace ranar karatu. Abincin yana zuwa ta hanya biyu. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ma'aikatar noma ce ke saye ta rarraba, kuma wannan dole ne ya zama na gida zalla. Sauran kuwa hukumomin makarantu ne ke saye daga dillalai da kuɗin da gwamnatin tarayya ke mayar musu.

A 1998 dokar William F. Goodling ta ce wannan kaso na biyu ma a sayi na gida "iyakar yadda zai yiwu". Ma'aikatar noma ta fassara "na gida" da cewa a sarrafa kayan a Amurka, kuma sama da kashi 51 cikin 100 na abin da ke ciki ya zama amfanin ƙasar. Ta kuma yarda a sayi na waje idan babu na gida isasshe, ko idan tsadarsa ta yi yawa. Ba a faɗi yawan tsadar da ake nufi ba, kuma hukumar makarantar da ke lissafin kowane kwabo a kan farantin yaro ba ta rasa hujja.

Kifin polok ne ya fito da matsalar fili. Farin kifi ne dangin kod, shi ake yin sandunan kifin da yara ke ci da shi, kuma shi ne kifin da Amurka ta fi kamawa, a tekun Bering da ke tsakanin Alaska da Rasha. A ɗaya ɓangaren tekun Rasha ma tana kama shi. Jiragen Alaska sukan feɗe kifin su cire ƙaya su daskarar da tsokar sau ɗaya, a kan jirgi ko a masana'antun bakin teku irin na Dutch Harbor. Na Rasha kuwa, kafin a haramta shigo da shi, sai a cire kai da hanji a daskarar, a kai biranen Dalian ko Qingdao a China, a narkar, ma'aikata su zare tsoka da wuƙa, a sake daskararwa a cikin manyan dunƙule masu kusurwa huɗu, sannan a ɗora a jirgi zuwa Amurka. Duk da wannan doguwar tafiya ya fi araha. Abin da ya fi ƙona wa mutanen Alaska rai shi ne har zuwa ƙarshen 2015 doka ta yarda a rubuta "polok na Alaska" a kwalinsa, domin ana ɗaukar sunan a matsayin sunan jinsin kifin. Sai da majalisa ta keɓe sunan ga wanda aka kama a ruwan Alaska.

Dokar noma ta 2018, wadda aka sanya wa hannu ranar 20 ga Disamba, ta taɓa tushen abin. Sanata Dan Sullivan na Alaska ya tsaya kai da fata har aka shigar da sashen da ya ce kifin kiwo sai an girbe shi a cikin Amurka ko yankunanta, na teku kuma sai an kama shi a cikin mil 200 na ƙasar ko da jirgi mai tutarta. A Afrilun 2024 ma'aikatar noma ta shigar da wannan cikin ƙa'idojinta, ta kuma sa iyaka ga abincin waje da hukumar makaranta za ta iya saye: kashi 10 cikin 100 na kuɗin sayayyarta daga zangon 2025-2026, ya sauka zuwa 8 a 2028-2029, sannan 5 a 2031-2032. Kifin Rasha kuwa yaƙin Yukiren ne ya rufe masa ƙofa: an haramta shigo da shi a Maris 2022, aka faɗaɗa haramcin a Disamba 2023 ya haɗa da wanda aka sarrafa a wata ƙasa.

Sashe na 32

Akwai wata hanya da ba ta jiran makaranta ta zaɓa. Sashe na 32 na wata doka ta Agustan 1935 ya ware kwatankwacin kashi 30 cikin 100 na kuɗin kwastan, wani ɓangarensa kuma ma'aikatar noma na sayen rarar amfanin gida da shi ta kai wa rumbunan agajin abinci. A Mayun 2021 ta ba da sanarwar sayen abincin teku na dala miliyan 70.9 a karo ɗaya, mafi girma a tarihinta zuwa lokacin: miliyan 25 na jatan landen kudu, miliyan 20 na polok, sauran kuma na abincin tekun gaɓar Fasifik. Harajin da aka karɓa a kan kayan waje ke nan ya koma aljihun masuncin gida.

Rikicin kifin tuna

Kifin gwangwani ya nuna cewa kamfanonin cikin gida ma ba bakinsu ɗaya ba. Ma'aikatar noma ta ce kifin tuna da za ta saya sai an kama shi da jirgin Amurka an kuma gyara shi a ƙasar tun daga farko. Kamfanin StarKist ya cika sharaɗin saboda masana'antarsa da ke Pago Pago a tsibirin Samowa ta Amurka, inda mata da maza ke tsaye suna tsince ƙaya da hannu. Bumble Bee da Chicken of the Sea kuwa suna shigo da tsokar da aka riga aka dafa aka tsince a ƙasashen waje, su zuba a gwangwani a Kalifoniya da Jojiya. A 2014 sun nemi a sassauta sharaɗin, suna cewa ya bar kasuwar a hannun kamfani ɗaya. Wakilan Samowa suka ce idan aka sassauta, ayyukan yi na tsibirin ne za su tafi. Abin dariya a nan shi ne StarKist ɗin da ke kare tutar Amurka mallakar kamfanin Dongwon na Koriya ta Kudu ne tun 2008, Chicken of the Sea kuma na Thai Union ne na Tailan.

Jihohi

Luwiziyana ce ta fi gaba. A 2019 ta wajabta wa gidajen abinci su sanar da mai ci idan jatan landen da ke gabansa na waje ne. A 2024 ta tsananta dokar, ta kuma ce hukumomin jiha da makarantun gwamnati su riƙa ba da jatan lande da kirofish (wani ɗan'uwansa da ke rayuwa a rafuka da fadamu) na gida kaɗai.

Hujjoji da suka

Magoya baya suna kafa hujja da ayyukan yi a garuruwan bakin teku, da kuma lafiya, domin hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna kaso kaɗan ƙwarai take gwadawa daga abin da ke shigowa, kuma tana yawan mayar da jatan landen da aka samu da ragowar magungunan da aka haramta a kiwo. A Oktoban 2023 binciken 'yan jarida na The Outlaw Ocean Project ya ƙara musu hujja, da ya gano 'yan ƙabilar Uygur da aka turo aiki a masana'antun kifi na lardin Shandong na China, kuma wasu daga cikin masu sayen kayan waɗannan masana'antu suna da kwangilar gwamnatin Amurka.

Masu suka kuwa farashi suke nunawa. Hukumar makarantar da aka hana ta kifi mai araha tana iya barin kifin gaba ɗaya ta koma ga kaza, yaro ya rasa, masunci ma ya rasa. Sannan idan an haɗa duk abin da gwamnati ke saye, ƙaramin yanki ne na kasuwar da gidajen abinci da manyan kantuna suka mamaye, don haka dokokin suna rage raɗaɗi ne kawai. Akwai kuma ƙarancin masana'antun gyara kifi a gida: kifin Alaska da yawa ana kai shi Asiya ne saboda babu hannayen da za su zare ƙayarsa a farashin da ake so, kuma da zarar ya fita an gyara shi a waje ya rasa matsayinsa na kayan gida a wajen soja da makaranta.

Ta fuskar yarjejeniyoyin ciniki dokokin ba su gamu da babban cikas ba. Lokacin da Amurka ta shiga yarjejeniyar sayayyar gwamnati ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta cire abincin soja da kuma kayan gonar da ake saye don shirye-shiryen ciyarwa daga abin da ta buɗe wa kamfanonin waje. Wahalar tana wajen tabbatarwa. Jami'ar da ke kula da kicin ɗin makaranta takardar shaidar dillali take dogaro da ita, sai kuma ta juya kwalin da aka sauke daga motar sanyi ta karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, wanda sau da yawa adireshin kamfanin da ya rarraba kayan kawai yake nunawa, ba sunan jirgin da ya kama kifin ba.