Dokar ADA da shafin mai sare bishiya a Amurka: wa ake cin tarar dala 75,000?

Akwai wani saƙo da ke ta yawo tsakanin masu ƙananan sana'o'i a Amurka, wai duk wanda makaho ya kasa amfani da shafinsa na intanet, gwamnati za ta ci shi tarar dala 75,000. Ya kai ga masu aikin bishiya, wato masu rage rassa da sare wadda guguwa ta kayar da tumɓuke kututture, waɗanda galibi ba su wuce mutum uku ko huɗu da mota ɗaya ba. Ya kai har ga matasanmu da ke gina wa irin waɗannan kamfanoni shafi daga nan gida. Wasu hankalinsu ya tashi, wasu kuma suka ce ai dokar ta manyan kamfanoni ce. Duka biyun akwai gyara.

Dokar da ake magana ita ce ADA, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990, don hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman: makafi, kurame, guragu da sauransu. Kashi na uku nata ya shafi 'yan kasuwa masu hulɗa da jama'a. Masu cewa "ma'aikatana ba su kai 15 ba" sun ɗauko ƙa'idar kashi na farko ne, wanda ke magana kan ɗaukar ma'aikata. Kashi na uku bai tambayi yawan ma'aikatanka ba.

To, tarar fa? Adadin ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Dokar ta fara da dala 50,000 a laifin farko da 100,000 idan aka maimaita, a 2014 aka ɗaga su zuwa 75,000 da 150,000, kuma ana ci gaba da ƙara su daidai da hauhawar farashi. Abin da saƙon ya ɓoye shi ne, wannan iyakar abin da alƙali zai iya yankewa ne, kuma sai a shari'ar da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da kanta. Babu jami'in da ke zagaya shafuka yana rubuta tara. Idan mutum ɗaya ne ya kai ka kotu a ƙarƙashin kashi na uku, dokar tarayya ba ta ba shi diyya ko sisi. Abin da zai samu umarni ne a gyara shafin, sai kuɗin lauyansa idan ya yi nasara.

A nan ne ainihin ciwon yake. Kuɗin lauya ne ke sa a turo wa ƙaramin ɗan kasuwa wasiƙa: ka biya kaza mu sasanta, ko mu haɗu a kotu. Da yawa sukan biya, domin kare kai ya fi sasantawar tsada. Sannan jihohi na da nasu dokokin. A Kalifoniya, dokar Unruh ta tanadi diyyar aƙalla dala 4,000 a kan kowane laifi, dokokin New York ma sun ba da damar neman diyya, shi ya sa ƙararrakin suka yi yawa a jihohin nan biyu.

Jumlar da ta fi rikita mutane ita ce wadda ta ce dokar ta shafi "wurin" da ake yi wa jama'a hidima. A 1990 ba wanda yake da shafin intanet a ransa, don haka jerin wuraren da aka lissafa kantuna ne da otal-otal da gidajen abinci da ofisoshi. Shin shafi wuri ne? Kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu. Wasu sun ce sai shafin yana da alaƙa da wani gini da abokin ciniki ke shiga. A kan haka ne wani makaho, Guillermo Robles, ya yi nasara a kan Domino's, kamfanin sayar da pizza, a kotun ɗaukaka ƙara a 2019 bayan ya kasa yin odar abinci ta shafinsu, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar kamfanin. Wasu kotunan sun ce ba sai da gini ba. Mai aikin bishiya shi ke zuwa gidan mutane, sau da yawa ba shi da shago, saboda haka matsayinsa ya dogara da yankin da aka kai shi ƙara. Ma'aikatar Shari'a dai ta faɗa a Maris 2022 cewa a fahimtarta dokar ta haɗa da shafukan 'yan kasuwa.

Ƙa'idar da ta fito a Afrilu 2024 kuwa, wadda ta wajabta bin ma'aunin WCAG 2.1 mataki na AA, wato jerin sharuɗɗan gina shafi yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ta shafa. Duk wanda ya ce maka ta ɗora wa kamfaninka wa'adi, yana da abin da yake son sayar maka. A ganina nan ne aka yi wa ƙananan 'yan kasuwa rashin adalci: an ce su bi doka, ba a rubuta musu ma'aunin ba, aka bar su a hannun lauyoyi. Amma makahon da reshe ya karye a kan rufinsa shi ma bai yi laifin komai ba.

Mu duba abin da yake gamuwa da shi. Yana amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, irin su NVDA ko VoiceOver. Ya shiga shafin, lambar waya an zana ta a cikin hoton motar kamfanin, manhajar kuwa ba ta karanta hoto sai an rubuta masa bayani. Hotunan aikin da aka gama, sai ya ji ana jero masa sunan fayil da lambobi. Fom ɗin neman kimanta farashi yana da gurabe biyar, babu wanda aka sa wa suna, bai san inda zai rubuta adireshi ba. Kurma kuma ya tarar "kira mu yanzu" kaɗai aka tanada, babu saƙon tes, babu imel. Ga koren rubutu mai haske a kan fari, launin da masu aikin bishiya ke so, wanda tsoho mai raunin gani ba ya iya karantawa. Ma'aunin WCAG yana son bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, kuma a iya zagaya shafin duka da madannan kwamfuta ba tare da linzaminta, wato mouse, ba. A shafi mai fuska biyar ko shida, wannan ba aikin watanni ba ne.

A yi hattara da ɗan maɓallin nan da ake liƙawa a gefen shafi, wai shi zai gyara komai da kansa. A 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta sa kamfanin accessiBe, mai sayar da irin wannan maɓalli, ya biya dala miliyan 1 saboda iƙirarin cewa manhajarsa na iya daidaita kowane shafi da ma'aunin.

Akwai kuma rangwamen haraji da mutane da yawa ba su sani ba. Kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce dala miliyan 1 ba, ko ma'aikatansa masu aikin cikakken lokaci ba su haura 30 ba, zai iya neman a rage masa rabin abin da ya kashe wajen sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman, ban da dala 250 na farko, har zuwa dala 5,000 a shekara. Da fom mai lamba 8826 ake nema, kuma sai an adana rasit ɗin aikin.