Wolbachia: bakteriyar da ke zaune a cikin sauro, mece ce ita?

Duk wanda ke bin labaran yaƙi da zazzaɓin denge zai ga wannan sunan na yawo, Wolbachia, wasu ma har sun ɗauka wani sabon maganin feshi ne ko wata guba da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje. To ba haka bane. Ƙwayar bakteriya ce mai rai da ke zama can cikin ƙwayoyin halittar jikin ƙwari, tun asali haka take a daji, kuma masana na kiyasin kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya na ɗauke da ita. A 1924 wasu masu bincike biyu a Amurka, Marshall Hertig da Burt Wolbach, suka fara ganinta a jikin sauron Culex, sai a 1936 Hertig ya sa mata sunan abokin aikin nasa.

Yadda take yaɗuwa shine abin da ya fi ɗaukar hankalina. Ba ta bin iska, ba ta bin cizo, daga uwa take shiga ƙwai kai tsaye. Kuma tana da wata dabara, idan namijin sauro mai ɗauke da ita ya yi barbara da macen da ba ta da ita, ƙwan ba za su ƙyanƙyashe ba sam, amma idan macen na da ita to ko da wane namiji ta haɗu ƙwanta za su fito lafiya kuma 'ya'yan su gaje ta. Ka ga kenan a hankali masu ita sai su rinjayi marasa ita.

Sauron Aedes aegypti, wanda ke yaɗa denge da zika da cikungunya da cutar shawara, yawanci ba shi da ita a daji. Sai masu bincike a Ostareliya ƙarƙashin Scott O'Neill suka ɗauko wani nau'inta mai suna wMel daga jikin ƙudan 'ya'yan itace, suka riƙa sa shi cikin ƙwan sauro da allura siririya ƙarƙashin madubin likita, ƙwai ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci shekaru. Da ta zauna a jikinsa sai aka ga ƙwayar denge na wahalar hayayyafa, don bakteriyar na cinye wasu sinadaran da take buƙata kuma tana zaburar da garkuwar jikin sauron, sai cutar ta kasa taruwa a yawunsa. An fara sakin irin wannan sauro a 2011 a yankin Cairns na Ostareliya. Gwajin Yogyakarta na Indonesiya da aka wallafa a 2021 ya nuna denge ta ragu da kashi 77 cikin 100, kwanciya asibiti kuma da kashi 86. Wallahi wannan ba ƙaramin abu bane ga iyayen da ke kwana a gefen gadon yaro. Ita kuwa Singafo mazan sauro masu ɗauke da bakteriyar kaɗai take saki, tunda namiji baya cizo, don yawan sauron ya ragu.

Abin lura, ba a taɓa tsarin gadon halittar sauron ba, kuma bakteriyar ba ta kama mutum.

To maleriya fa? Nan ne ya kamata a bi a hankali, kar a haɗa su wuri ɗaya. Sauron maleriya Anopheles ne, cutar ma daban ce. A 2014 an ba da rahoton samun Wolbachia a sauron Anopheles na daji a Burkina Faso, amma kaɗan ce sosai har masana suka yi ta muhawara ko da gaske zaune take a ciki. Sai dai hanjin sauron daji cike yake da wasu bakteriya irin su Asaia da Serratia, da yawa tun yana tsutsa a cikin ruwa yake kwasarsu, kuma a 2011 an samu wata bakteriya mai suna Enterobacter a sauron daji na Zambiya da ke kashe ƙwayar maleriya tun tana hanji. Shi ya sa ni a ganina binciken sauron daji ya fi cancantar a zuba masa kuɗi, don wanda aka rena a keji ruwansa da abincinsa duk iri ɗaya ne, abin da ke cikinsa ba lallai ya yi daidai da na wanda ke cizon mutane da dare ba.